Mai Duba Nama Bai Zo Aiki Ba

Na Allah ne, kuma ya koma wurin Mai shi. Baba ya cika ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa a unguwar Rumde, kansa a kan cinyar mahaifiyarmu Dada, rediyonsa na ta surutu a kan taga ba wanda ya tuna ya kashe. Ni ina tsakar gida ina dama masa kunun da na san ba zai sha ba. Da na ji Dada ta ja salati da wata murya da ban san ta da ita ba, sai na ci gaba da juya ludayin, na ƙi shiga. Sai da kunun ya yi gudaji ya lalace sannan na ajiye.

Kafin azahar layinmu ya toshe. Mahauta suka rufe teburansu suka taho, wasu ko riga ba su canja ba. Tun ina yarinya nake ƙorafin ƙarnin nama a jikin Baba, har yakan ce wannan hancin nata na 'yan boko ne, amma ranar sai ga ni laɓe a bayan ƙofar zaure ina shaƙar ƙarnin nan ba na so ya wuce. Dangin Dada suka iso daga cikin Yola da fararen mayafansu da doguwar gaisuwarsu ta Fillanci. Mutanen nan ba su taɓa yafe mata auren mahauci ba, shekara hamsin da ɗoriya, amma kuma ban taɓa ganin sun mayar da naman da yake aika musu ba. Ranar sun yi kuka, kuma na yarda kukan gaskiya ne.

Maƙwabciyarmu, wadda duk layin ke kira Maman Sista saboda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, ta zo ta zauna a bakin madafa, ta cire tabaraunta ta riƙe a hannu. Kirista ce daga kudancin jihar nan, katanga ɗaya ta raba mu tun ban san kaina ba. Ita kaɗai ce a gidan ba ta tambayi abin da ya kashe shi ba.

Sauran kuwa sun tambaya, kuma Goggo, ƙanwar Baba da ta rage a duniya, ita ce mai ba da amsa. Duk wadda ta durƙusa ta ce ashe haka Allah ya yi, me ya same shi, sai Goggo ta rage murya ta ce basir ne, irin na gidansu, shi ya ɗauki mahaifinsu, shi ya ɗauki yayarsu. Matan su gyaɗa kai, wata ta ce ai basir mugu ne, wata ta kawo sunan wani mai magani da da an je wurinsa da an dace. Na haɗiye ranar farko. Na haɗiye ta biyu. Ni kuwa kowa ya san bakina ba ya riƙe magana, shekara ashirin ina koyar da 'yan firamare a Nassarawo, na saba in ji kuskure in gyara. Ranar sadakar uku, ɗaki cike, na ce:

"Goggo, ba basir ba ne. Ciwon dajin hanji ne."

Goggo ta miƙo hannu ta ƙarƙashin mayafi ta mintsine ni a cinya, mintsinin da na rabu da shi tun ina 'yar shekara goma. Da mutane suka ragu ta ja ni gefe ta ce ba ni da ta ido, a zaman makoki ba a tona cikin mamaci, in bar ubana ya kwanta da mutuncinsa. Ban yi mata musu ba, uwa ce. Amma abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro. Ina so a tuna da Baba, kuma ina so a kira abin da ya kashe shi da sunansa, don bai gama da gidanmu ba.

Baba mahauci ne ɗan mahauci. Kakansa ya biyo shanu daga arewa ya yada zango a Jimeta, bai koma ba. A cikin sana'ar ma shi mutumin kayan ciki ne: tumbi, hanta, huhu, ƙoda, hanji. Wasu suna raina wannan ɓangaren, shi kuwa yana cewa duk wanda yake so ya san yadda saniya ta yi rayuwarta, can zai duba. Na sha ganinsa in an kawo aikin suna ko na layya gida. Zai kama hanji tsakanin yatsa biyu ya riƙa ja a hankali, idonsa na kan wanda yake hira da shi, yatsun ne ke aikin. In ya ji wani ƙullutu sai ya tsaya cak, ya tsaga wurin da bakin wuƙa ya leƙa. Maganarsa ɗaya ce a kan komai, ko dabba ce ake gardamar lafiyarta, ko buhun shinkafa, ko rigimar ma'aurata da aka kawo masa zaure: "A buɗe a gani." Mu yara har kwaikwayonsa muke yi in Dada ta rufe tukunya.

Wannan halin ya taɓa haɗa shi faɗa da amininsa, mutumin da teburinsu ke jere. An yanka wa aminin saniya, aka tarar hanjinta duk ƙuraje ne, hantar ma ta canja launi. Aminin ya yi sauri zai kawar da kayan cikin kafin ma'aikacin da ke duba nama ya iso, don a buga wa sauran naman hatimi. Baba ya taka buhun da ƙafa ya ce ba inda za a kai shi. Aminin ya roƙe shi, ya zage shi, ya tuna masa har da zaman da suka yi tare a makarantar allo. Baba bai ɗaga ƙafar ba sai da mai duba nama ya zo, aka kuwa hana sayar da saniyar gaba ɗaya. Shekara biyu ba sa ga maciji. Ƙannena maza sun ce ranar jana'izar Baba wannan tsohon ne ya ture matasa ya shiga kabari da kansa, da ƙyar aka fito da shi.

Alherinsa kuma ba ya son a gani. Da mijin Maman Sista ya rasu ya bar ta da yara huɗu, duk ranar Asabar sai ta tarar da leda rataye a ƙusar ƙofarta, hanta da ƙashin miya. Ta yi godiya sau ɗaya, ya ɓata rai ya ce shi bai san zancen ba, ƙila aljanu ne. Daga nan ta daina godiya, ledar kuma ba ta daina zuwa ba har yaran suka gama makaranta. Lokacin Kirsimeti shi ke yanka mata akuya ya feɗe, ta aiko mana da cinya.

Ni yana kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ina da izinin da ba kowa ke da shi ba, in zauna a kan tabarmarsa, in ci a kwanonsa, in faɗa masa magana son raina ya yi dariya ya ce uwa ai ba a yi mata musu. Babban wanmu kuwa, wanda muke kira Hamma kamar yadda dangin Dada ke kiran babban wa, bai taɓa samun ko kwatankwacin haka ba. Ɗan fari ne, kuma Baba mutumin zamanin da ne, yana kunyar ɗan fari irin ta asali. Bai taɓa kiran sunansa ba. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Yana yaro "wancan" ne. Da ya girma ya ajiye wuƙa ya ce shi noma zai yi, ya ƙetare gada ya tare a Damare, sai ya zama "mutumin Damare". Baba ya ji zafin barin sana'ar nan ƙwarai, kuma daga lokacin ba wanda ya iya rabe inda kunya ta tsaya da inda fushi ya fara.

Duk kaka Hamma zai kawo buhun masara na farko, ya durƙusa a bakin zaure ya yi gaisuwa. Baba zai amsa yana murɗa rediyo. Sai bayan Hamma ya shiga wurin Dada, ko ma ya tafi, Baba zai tashi ya kwance bakin buhun, ya nutsa hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo ya murza ya ciza ɗaya. Sai ya ce wa iska, "Ba laifi." Ni na san wannan "ba laifi" ɗin yabo ne mai girma. Hamma bai taɓa ji ba.

To, mutumin nan mai "a buɗe a gani" shi ne ya yi shekaru yana ganin jini a bayan gida bai gaya wa kowa ba. A bayan ƙofar ɗakinsa akwai wata farar jarka, kullum cike da jiƙon sassaƙe, ruwan ja-ja mai ɗaci. Maganin basir ne, kowa ya sani, kuma ba wanda ya ga abin damuwa, don a gidanmu basir kamar tsawon hanci ne, abu ne da aka gada. Dada ce ke wanke masa kaya. Ta gani. Na tambaye ta daga baya, cikin fushi, me ya hana ta magana. Ta dube ni kamar na yi saɓo ta ce, ta yaya za ta buɗe baki ta yi wa mijinta zancen abin da ke cikin wandonsa.

Maman Sista ce ta fara lura da ramar. Ta tare shi a ƙofar gida ta ce masa kai tsaye da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "Baba, wannan ba basir ba. Matarka ya sani, yana tsoro ne. Ka tafi asibiti." Mako guda bai amsa gaisuwarta ba. Asibitin kuma bai je ba sai da cikin ya toshe gaba ɗaya, kwana huɗu ba bayan gida, ciki ya kumbura, yana amai, muka ɗauke shi ba ya iya musu.

Aka yi masa aiki. Aka yanke wani yanki na hanjin, aka fito masa da hanya ta gefen ciki aka liƙa jaka. Wannan jakar ta kashe Baba kafin ciwon ya kashe shi. Ya daina zuwa masallaci duk da liman ya zo har gida ya gaya masa sallarsa ta yi, lalura ce. Ya daina zama a zaure. Amma kwana uku bayan aikin, da likitan ya zo zagaye, wani matashi mai haƙuri, Baba ya ce yana so ya ga abin da aka cire. Likitan ya ce an aika da shi wani gari don a gwada, amma yana da hotonsa a waya. Baba ya karɓi wayar ya nisantar da ita daga idonsa, ya daɗe yana kallo. Na ga babban yatsansa da manuni suna motsi a kan zanin gado.

"Da na saniya ne," ya ce, "da na hana a sayar da ita."

Likitan bai ƙaryata shi ba. Ciwon ya riga ya taɓa hanta.

Bayan wasu makonni sakamakon gwajin ya dawo, muka koma ni da shi a Keke Napep, ya lulluɓe da babbar riga cikin zafin nan na Yola don kada a ga tudun jakar. Likitan ya rufe ƙofa ya fara da tambayoyi. Mahaifin Baba da me ya rasu, yana da shekara nawa? Baba ya ce basir, kuma ko furfura bai yi ba. Akwai wani kuma? Yayarsu, ta bar yara ƙanana. Wani ƙanin mahaifinsu ma haka, cikinsa ya kumbura. Likitan yana rubutawa, ni kuwa ina ƙirgawa, don tun ina yarinya nake jin labaran nan ɗaya-ɗaya, ban taɓa jin an jera su wuri guda ba.

Sai ya yi mana bayani, kuma zan faɗe shi yadda na fahimta, ni ba likita ba ce. Ya ce naman cikin hanji kullum sabuntawa yake, ƙwayoyin halittarsa suna rabuwa suna kwafar kansu. Wajen kwafar nan akan yi kuskure. Don haka Allah ya sa wasu sinadarai a cikin kowace ƙwaya, ana kiransu furotin, aikinsu su bi baya su gano kuskuren su gyara kafin ya yi nisa. Da aka shafa wa naman Baba magani aka duba a madubin likita, sai aka tarar ɗaya daga cikin waɗannan furotin ɗin babu shi a cikin ƙarin. Kuskure ya yi ta taruwa ba mai gyarawa, har ya zama ciwon daji.

Na juya zan sake fassara wa Baba da sauƙi, ya ɗaga mini hannu.

"Na gane," ya ce. "Mai duba nama ne bai zo aiki ba. Kowane iri sai ya wuce."

Likitan ya yi ɗan murmushi ya ce ko shi ba zai iya faɗa fiye da haka ba. Sannan ya ce wani lokaci furotin ɗin yakan ɓace ne kawai saboda tsufa, wani lokaci kuma mutum da raunin aka haife shi, ya gada. Tabbatarwa sai da wani gwajin jini da ba a yi a nan kusa. Amma da irin mutanen da Baba ya lissafa, shi a ganinsa kada mu jira, mu ɗauka na gado ne. Kowane ɗa na Baba zai iya ɗauka, zai iya tsallakewa. Abin yi shi ne kowannenmu ya zo a zura masa wata siririyar na'ura mai kyamara ta ƙasa a duba hanjin, a kuma riƙa maimaitawa lokaci-lokaci. In an ga ɗan tsiro tun yana ƙarami a cire shi nan take, kafin ya zama abin da ya zama a cikin Baba. Ranar Talata ake yin wannan dubawar.

Na tambaya shi Baban fa, wannan sanin zai amfane shi da wani abu? Likitan ya ce akwai magungunan da aka ce irin wannan ciwon yana ji, amma ba a nan ba, kuma jikin Baba ya wuce ɗaukar wahalar. Wato takardar sakamakon nan ba tasa ba ce. Tamu ce.

Baba tambaya ɗaya ya yi. Ya ce, "Ke nan ni na ba su?" Likitan ya ce ba wanda ke zaɓen abin da zai ba ɗansa, shi ma ba shi aka yi. Har muka iso Rumde yana ta kallon kwalta.

Ni na fara zuwa. Ba zan yi ƙarya ba, na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, ga maganin wankin cikin da ake sha kafin ranar, wanda ba na yi wa maƙiyina fatansa. Aka samu ɗan tsiro guda, aka cire. Ƙannena uku suka bi baya, da tsiya da zagi na tura su, su ba a ga komai ba. Da na gaya wa Baba nawa sakamakon, ya tambayi girman abin. Na ce bai kai ƙwayar wake ba. Ya auna a kan yatsansa, ya daɗe yana kallon wurin, sai hawaye. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka liƙa masa jaka.

Da ya share fuska ya ce, "Mutumin Damare fa?"

Na riga na kira Hamma sau ba adadi. Farko dariya ya yi ya ce ni da likitocina mun cika neman magana. Da na matsa ya ce shi da girmansa, da 'ya'ya har da suruki, ba wanda zai kwantar da shi ya zura masa wani abu, in sake yi masa wannan zancen sai ya saɓa mini. Na gaya wa Baba haka, ban rage komai ba. Ya yi kwana biyu yana juya abin. A na uku ya ce in aika a ce yana kira.

Hamma ya zo da safe, ƙafarsa duk taɓon gona, lokacin ana tsakiyar noma. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki inda ya saba tsayawa. Na tashi zan fita, Baba ya ce in zauna, ni ce mai takarda. Yana kwance ya juya fuska bango, ya zama ƙashi da fata.

Sai Baba ya kira sunansa. Sunan yanka, cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna.

Na ga bayan Hamma ya girgiza. Bai amsa ba, ina jin bai san yadda ake amsawa ba.

"Matso," in ji Baba. Ya juyo da ƙyar, ya kama bakin rigarsa ya ɗaga. Mutumin da ya bar sallar jam'i don kada a ga tudun abin nan, ya buɗe shi a gaban ɗan farinsa, jakar da abin da ke cikinta da jan naman da ya leƙo. "Duba da kyau. Ni ma basir na ce. Kana ganin jini?"

Hamma ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma.

"Na tambaye ka."

"Wani lokaci," in ji Hamma, da ƙyar na ji.

"Ka je a buɗe a gani. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Hamma ya ce, "To, Baba." Ya tashi ya fita, bai ko shiga wurin Dada ba. Baba ya saki rigar, ya ce in miƙo masa ruwa. Kwana tara bayan nan ya rasu.

Ranar jana'iza na sa ido a kan Hamma. Shi ya karɓi gaisuwa a zaure a matsayin babba, ya zauna daidai inda Baba ke zama. Da na same shi shi kaɗai na tuna masa, ya ce a bari a yi bakwai. Aka yi bakwai, ya ce a bari a yi arba'in. Aka yi arba'in, ya ce ga masara ta nuna, in ya bar ta ɓarayi da tsuntsaye za su raba.

Makonni uku da suka wuce na hau mota na ƙetare gada na same shi a Damare. Matarsa ta tare ni da ruwa, muna gaisawa idonta na guje wa nawa. Na bi ta bayan ɗaki inda take shanya, na tambaye ta kai tsaye. Ta kama bakin zaninta tana murzawa ta ce ita dai wanki take yi, ba ta san komai ba. Irin kallon da Dada ta yi mini, shi ta yi mini. A gindin rumbu, cikin inuwa, ga farar jarka da jan ruwa a ciki, an sha ya kai rabi.

Na samu Hamma a masussuka yana ɓarar masara. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Duk abin da na shirya faɗa cikin ladabi ya gudu. Na ce masa shi wane irin mutum ne, tsohon nan ya tuɓe kunyarsa ta shekara hamsin ya ajiye a gabansa, ya nuna masa abin da ko liman bai gani ba, shin bai ji abin da ya ce ba ne?

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ajiye masarar da ke hannunsa ya ce:

"Na ji ya kira sunana. Tun da aka haife ni ban taɓa ji a bakinsa ba. Wallahi duk abin da ya faɗa bayan nan kamar a ruwa nake jinsa. Har yau in na kwanta shi nake ji."

Na zauna a kan buhu muka yi kuka tare, ni da wan da ban taɓa ganin haƙoransa a gidanmu ba. Na gaya masa zancen buhun masara, yadda Baba ke nutsa hannu ya ciza ya ce ba laifi. Ya rufe fuska da hula. Da zan tafi na ce Talata zan jira shi a ƙofar asibiti, ba sai ya gaya wa kowa ba, ba sai matarsa ta sani ba, ranar farko ma magana kawai za su yi da likita. Ya ce in Allah ya yarda.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Ya yafe masa shirun da ya yi, ya saka masa da maganar da ya yi a ƙarshe, don na ga abin da ta ci masa. Ya ba Dada haƙuri, ya ba Goggo haƙuri da ni. Wanda duk ya ci naman hannunsa bai taɓa cin mara lafiya ba, Allah ya duba wannan.

Talatar farko na nemi izini a makaranta na je na zauna a kan benci a ƙofar asibiti, takardar Baba a cikin jakata, ina kallon duk Keken da ya tsaya. Na zauna har aka kira azahar. Talata ta biyu ma haka, har mai sayar da ruwa ta fara gaishe ni. Na kira wayarsa, matarsa ta ɗauka ta ce ya tafi fadama.

Gobe ma Talata ce.